Tabo a Ƙarƙashin Zane

Ni 'yar fari ce a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini wasa. In tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Ruwa ya ƙare," ni kuwa in ɗauki tulu. Kunya ce irin ta uwa da ɗan fari, haka ita ma ta ga ana yi a gidansu. Ina ƙarama abin bai taɓa damuna ba, domin tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, wadda aka sa mini sunanta. A ɗakinta na girma, a ƙarshen ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Dutse, inda dabino ya fi gidaje yawa. Saboda sunan nan ne Baba da yayarsa, Gwaggo, ba sa kirana sai da "uwata".

Kaka mace ce mai surutu. Tana magana da ni, tana magana da awakinta, in babu kowa ta yi magana da tukunya. In na yi laifi ta faɗa mini a take, ta ja kunnena, kafin magariba ta manta. Da ita ban taɓa zama ina hasashen abin da ke ran mutum ba. Ta rasu ina da shekara sha biyu ko sha uku, aka ɗauko tabarmata da 'yar ƙwaryata aka mayar da ni gidan iyayena, gidan da a da sai aike ke kai ni.

Na tarar da ƙanena yana rarrafe. Tsakanina da shi an haifi biyu ba su zauna ba, don haka kowa idonsa na kansa. Shi ne ya fara karɓata a gidan. Kwana biyu da zuwana ya kama bakin zanena ya miƙe tsaye, daga ranar kuwa bayana ya zama wurin zamansa. Da shi nake shara, da shi nake zuwa rijiya. Yana son tsinko gashin ƙeyata yana ja, in na ce "wash" sai ya ƙyalƙyale da dariya har ya shaƙe.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba. Mu dai labarinsu muke ji. Sau ɗaya na hango ɗaya daga nesa a kan doki, da hula kamar an kife masa ƙwarya, muka ruga muka ɓuya a bayan rumbu. Amma aikinsu ya iso mu. Da farkon damina, an gama shuka ke nan, mai unguwa ya zo zaurenmu ya ce ana sharar hanya, kowane gida zai ba da namiji ɗaya. Baba ba shi da ƙane, ba shi da babban ɗa, sai ya ɗauki gorarsa da buzun sallarsa ya bi su. Ya ce wa Inna kafin gero ya fid da kai zai dawo. Kawuna, ƙanen Inna, ya zo daga wajen Jahun don ya riƙe mana noma.

Bayan tafiyar Baba da 'yan kwanaki Inna ta yaye yaron. Na yi mamaki, don bai kai lokacin yaye ba, amma ba a tambayar irin wannan. Ya yi ta kuka, ya ƙi koko, ya rame. Ba ya shiru sai a bayana.

Wata rana da hantsi Inna ta zuba wa Kawu fura ta ɗora mini in kai gona. Na sunkuya zan goya yaron, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "A bar yaron." Na ajiye shi. Ya fashe da kuka, ya biyo ni da rarrafe har bakin zaure yana miƙo hannu. Na waiga, Inna ta shiga ɗaki. Sai na saɓa shi na ɗaure na fita.

A kan hanyar dawowa hadari ya taso daga gabas. Na yi gudu na shiga ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, na kwanto shi na rungume a ƙirjina, amma iska na kaɗo ruwan ta gefe, muka jiƙe sharkaf. Shi murna ma yake yi, yana tara hannu. Da muka iso gida Inna ta karɓe shi ta goge shi, ba ta ce komai ba. Kwana biyu bayan haka ya fara tari, jikinsa ya yi zafi. An jiƙa masa saiwoyi, an karɓo rubutu wurin liman. A rana ta shida, bayan azahar, ya rasu a cinyar Inna.

Mata suka zo gaisuwa suka watse. Kawu ya koma gona. Gidan ya rage daga ni sai Inna, ita tana kaɗi a bakin ɗakinta, ni ina aikina. Shirunta na nan yadda yake tun zuwana, ba ta ƙara ba ta rage ba, amma yanzu ni nake cika shi da magana. In ta ce "Itace ya ƙare," sai in ji kamar ta ce ni na kashe mata ɗa. Na so ƙwarai ta dake ni. Na so ta zage ni a gaban mutane, ta ja kunnena kamar yadda Kaka ke yi, a faɗi laifin a wuce wurin. Ba ta yi ba. Kalmomin nan uku da ta faɗa ranar, "a bar yaron", su suka zauna mini a kunne. Ina daka ina jin su, ina salla ina jin su. Ƙirjina ya zama kamar an ɗora masa dutsen niƙa, kuma hawaye ya ƙi zuwa.

Ciwon farko tsautsayi ne. Ina tsugune ina tuƙa tuwo, itace ya zame daga murhu ya taɓa mini cinya. Na zabura. Amma cikin zafin nan sai na ji kunnena ya yi tsit, nauyin ƙirjina ya ɗaga, na ja numfashi har ƙasa, abin da na yi makonni ban yi ba. Na biyun ba tsautsayi ba ne. Ba zan tsaya bayanin yadda nake yi ba, ba shi da amfani ga kowa. Abin da zan ce shi ne sauƙin ba ya daɗewa, ko tuwon ba ya sauka kafin nauyin ya dawo, kuma ya dawo da kunya a kansa. Na san jikin nan amana ce, an koya mini. Sai in ce yau ne na ƙarshe, jibi in sake. Ban taɓa nufin in mutu ba. Ina dai ganin an yi laifi ba a yi hukunci ba, kuma ba wanda zai yi sai ni. Na zaɓi wurin da zane ke rufewa, na daina zuwa wanki rafi tare da sa'o'ina, na daina fita dandali.

Gwaggo ce ta gane. Gidanta na kan hanyar rijiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi aure, tana zaune ita kaɗai tana sana'ar daddawa, duk wanda zai wuce sai ya toshe hanci ita kuwa tana yi masa tsiya. Ɗaya daga cikin ciwukan ya rure, ina tafiya ina ɗingishi, ina ƙoƙarin ɓoyewa. Na gaishe ta zan wuce ta ce, "Uwata, ajiye tulun nan ki zo."

Ta shigar da ni ɗaki ta saki labulen asabari. "Ƙaya kika taka?"

Na ce a'a.

"To me ya ɓata miki zane a nan?"

Ta zauna a bakin gado ta jira. Gwaggo ba mai haƙurin jira ba ce, amma ranar ta jira har sai da na ɗaga zanen da kaina. Ta duba ta daɗe tana dubawa. Na ga leɓenta na motsi, tana ambaton Allah a hankali.

"Wa ya yi miki?"

"Ba kowa."

"Ke da kanki?"

Na gyaɗa kai.

"Kina ganin wani abu ne da mu ba ma gani? Ko wani na kiran ki yana sa ki?"

Na gane tana tambaya ne ko iska ce ta taɓa ni. Na ce, "Ba na ganin komai, Gwaggo. Muryar Inna kawai nake ji. Ta ce in bar shi, ban bar shi ba."

Ban san lokacin da kukan ya zo ba. Tun rasuwar yaron sai ranar na yi shi. Gwaggo ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi shiru ba. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta mai warin kalwa, ta bar ni har na gaji. Daga nan ta tashi ta dafa bagaruwa, ta bari ta huce, ta wanke ciwon, ta shafa man kaɗe ta ɗaure da tsohon tsumma mai tsabta.

Ta ce, "Ba zan sa ki rantse mini ba, don kada ki karya ki ƙara wa kanki wani nauyin. Abu ɗaya nake so. In kin ji abin ya taso, sauke tukunyar, ko tuwon zai ƙone, ki taho nan. Ba sai kin ce komai ba. Ki ce kin zo taya ni aiki."

Haka na riƙa yi. Wani lokaci sau biyu a yini. In na shigo ta dubi fuskata sai ta miƙo mini taɓarya, mu yi ta surfen dafaffiyar kalwa har gumi ya jiƙa ni, hannuna ya mutu. Tana surfe tana ba ni labarin Baba yana yaro, yadda ya hau dabino ya kasa saukowa sai da aka kira maza uku. Wata rana na kai gidanta, wata rana ban kai ba. In ban kai ba ta gane daga tafiyata, ta dafa bagaruwa, ba faɗa.

Na roƙe ta kada ta gaya wa Inna. Ta yi shiru da maganar kamar kwana goma. Sai wata rana bayan la'asar ta wanke hannu ta ɗauki mayafinta ta ce, "Uwata, na riƙe iya riƙona. Wannan ba nawa ba ne ni kaɗai, kina da uwa. Ba zan je a bayan idonki ba, tashi mu tafi tare."

Na tashi na bi ta. Muka tarar da Inna a inda take kullum, da mazari da auduga. Suka gaisa. Na tsuguna a gefen turmi na sunkuyar da kai. Gwaggo ta faɗi komai, ba ta ƙara ba ta ɓoye ba, har da abin da nake ji a kunnena. Mazarin ya tsaya. Na ji ƙarar faɗuwarsa a cikin tasa.

Inna ta ɗago kai. Da ta buɗe baki, Gwaggo take kallo.

"Yaya, ni ban ma tuna na faɗi haka ba. Wallahi ban tuna ba." Ta ajiye audugar. "Ciki ne da ni. Tun kafin ya tafi. Shi ya sa na cire yaron daga nono ba lokacinsa ba, na rasa wanda zan gaya wa don kunya. Ina kallo yana ramewa. Da yana da ƙarfinsa da tarin bai kayar da shi ba. Ni na ɗauka yarinyar nan ta daina kallon inda nake ne don ta san abin da na yi wa ɗan'uwanta."

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Gida ɗaya, murhu ɗaya, kowacce ta ɗauki gawa ɗaya ta ɗora wa kanta. Ku ƙirga mini yaran da tarin nan ya ɗauka a unguwar nan bana. Ɗan gidan maƙera ruwa ne ya doke shi? 'Yar liman yaye ta aka yi? Kwanansa ne ya ƙare."

Inna ta share fuska da bakin zane. Ta ce, "Yaya, ki gaya mata ba ruwanta. Ki gaya mata ba don ita ba da ban san yadda zan yi da shi ba a kwanakin nan. A bayanta kaɗai yake barci."

"Ga ta nan a gabanki da kunnenta biyu."

Inna ba ta juyo ba, ba ta kuma kira sunana ba, abin da ta tashi da shi ba zai sake a yini ɗaya ba. Amma ta miƙe ta shiga ɗaki ta fito da kaskon man kaɗe. Ta zo ta durƙusa a gabana, ta kwance tsumman da Gwaggo ta ɗaura, ta duba. Ta lakato man ta shafa da yatsa biyu, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka riga suka warke. Iya sanina ranar ce hannunta ya fara taɓa jikina. Tana shafawa hawayenta na ɗiga a gwiwata. Da ta gama ta ɗaure, ta ce wa kaskon, "Gobe ma a zo a shafa."

Daga ranar ta karɓe girki. Ni ta bar mini daka da ɗiban ruwa, ta koma zama kusa da turmi da kaɗinta maimakon bakin ɗaki. Ba mu zama masu hira ba. Amma shirun ya sake, na daina jin zargi a cikinsa.

Baba bai dawo ba sai da aka gama ɗaure gero. Ya shigo da rana tsaka, ya rame, ƙafarsa duk faso. Labarin yaron ya riga ya iske shi a can ta bakin wani falke. Gwaggo ta ba shi kwana uku ya huta, sannan ta kira shi gidanta ta gaya masa halin da nake ciki. Washegari bayan azahar ya fito da wani ƙaramin allo da ya sassaƙa tun kafin tafiyarsa, na san wa ya yi wa shi. Baba ya ɗan yi karatu a ƙuruciyarsa, yana rubutun ajami. Ya zauna a inuwar rumbu ya ce, "Uwata, zo ki zauna. Kakarki ta koya miki karatun salla da ka, ni zan koya miki da ido."

Mun yi kwanaki muna haka. Ran nan yana gyara mini riƙon alƙalami sai ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Tabo ne ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Ranar da falken nan ya gaya mini, na ɗauki diga na yi ta sara. An ce a tashi, ban tashi ba. Hannun ya fashe, ina gani, na ci gaba, don in na tsaya zan tuna cewa ina can ina share wa wasu hanya ɗana na nan yana ciwo. Sai da wani dattijo daga Kiyawa ya zo ya riƙe ƙotar ya zaunar da ni." Ya rufe hannun. "Ban ɗauke ki mahaukaciya ba, uwata. In ya taso Gwaggonki ba ta nan, ina nan. To, ina muka tsaya?"

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Da wannan karatun nake rubuta abin da nake rubutawa yau.

Zan yi ƙarya in na ce daga nan shi ke nan. Abin ya sake kayar da ni a shekarar, ya kuma dawo a daminar da ta biyo, ranar da aka yi ruwa mai iska. Sai dai tazarar na ƙaruwa, kuma yanzu ina da ƙofa uku da zan iya tsayawa a bakinsu. Kafin a yi mini aure ya bar ni gaba ɗaya. Tabon dai yana nan har yau, ya koɗe, ya shige cikin tamojin tsufa.

Da bazara Inna ta haifi mace. Na yi mata wankin tsumma, na hura wutar ruwan wankan jego, amma ban yarda na ɗauki jaririyar ba. In aka miƙo mini sai in ce hannuna da toka. Kowa ya lura, ba wanda ya matsa mini. Har aka yi arba'in, yarinya ta yi ƙwari.

Wata safiya ina sunkuye ina tsince tsakuwa a cikin wake, sai na ji an ɗora mini abu mai ɗumi a baya. Kafin in ɗago Inna ta yafa zane a kai ta miƙo mini bakinsa ta gefe biyu. Ta ce, "A riƙe mini ita, zan je gaisuwa gidan maƙera." Ta ɗauki mayafi ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na ɗaure zanen, na ɗauko majanyi na ƙara, na sake ɗauko wani na ƙara a kai. Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni, ina kallon sama ko akwai hadari, alhali ko gajimare babu. Yarinyar ta yi 'yar mutsu-mutsu, ta kwantar da kumatunta a tsakanin kafaɗuna ta yi barci. Inna ba ta dawo ba sai azahar, gidan maƙera kuwa taku kaɗan ne daga namu. Daga baya Gwaggo ta gaya mini ashe a wurinta Inna ta wuni, tana leƙen gidanmu ta katanga.

Ni na goyi yarinyar nan har ta yi wayo. Ta tashi da rigima da baki, irin na Kaka sak. Aure ya kai ta Kafin Hausa, yanzu ita ma ta tsufa, jikokinta sun cika gida. Ba ta san komai game da shekarar nan ba sai bara, da ta zo duba ni na yi rashin lafiya, muna zaune mu biyu na ba ta labarin tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Da na gama ta goge ido ta ce, "Ashe shi ya sa, Yaya. Ni dai tun ina ƙarama na san in ke kika goya ni, ɗauri ake yi mini kamar damin dawa." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ni, ta tashi ta ɗebo mini ruwa.